Yadda mahaƙin ma'adinai zai kare huhunsa daga iskar radon, ko da ciwon daji yana cikin danginsa

Duk wanda ke shiga rami neman zinare a yankin Birnin Gwari, ko duwatsu masu daraja a ƙasar Jama'a, ko kuza a tsaunukan da suka miƙe daga gabashin Jihar Kaduna har zuwa Filato, ya san haɗurran da ido ke gani, wato rami ya rufta, igiya ta tsinke, ko ruwa ya ɓalle ya cika wuri. Akwai kuma wani haɗarin da ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari a ranar da aka shaƙe shi, kuma sai bayan shekaru goma ko ashirin, wani lokaci bayan mutum ya daɗe da barin sana'ar, yake bayyana a matsayin ciwon dajin huhu. Wannan ita ce iskar radon. Wannan jagora na masu shiga rami ne da masu ramukan da ke ɗaukar su aiki, musamman waɗanda aka taɓa samun ciwon dajin huhu a gidansu.

Radon tana fitowa ne daga sinadarin yuraniyom da ke cikin dutse da ƙasa. Yuraniyom yana rikiɗa sannu a hankali ya zama radiyom, shi kuma radiyom ya zama radon, wadda ke sulalowa ta tsagogin dutse ta shiga iska. Dutsen giranit, irin wanda ya cika Kufena da Kajuru da Kagoro, yana daga cikin duwatsun da suka fi ɗauke da yuraniyom, kuma a cikinsa ko a gefensa ake samun kuza da tantalayit da yawancin duwatsu masu daraja. A fili iskar tana bajewa ba ta taruwa, shi ya sa mai tono a buɗaɗɗen wuri ba shi da babbar damuwa da ita. A cikin rami mai zurfi wanda iska ba ta ratsa shi ne take taruwa, ta riƙa farfashewa zuwa wasu ƙananan ɓurɓushi, ciki har da poloniyom, waɗanda ke mannewa a jikin ƙura. Idan mutum ya shaƙi ƙurar, ɓurɓushin yakan maƙale a bangon hanyoyin numfashi yana harba wani irin tururi mai suna alfa. Tururin alfa ba ya iya huda ko takarda, ba ya kuma ratsa fatar jiki, amma a cikin huhu babu abin da ke tsakaninsa da ƙwayoyin halitta, don haka yana tsinka zaren DNA da ke cikinsu, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado da ke tafiyar da aikin ƙwayar halitta.

An daɗe da sanin cewa rami yana cin huhu. Tun ƙarni na 16 aka rubuta labarin ciwon da ke kashe masu haƙar azurfa a Shineberg da ke Jamus suna da ƙuruciyarsu, kuma a 1879 likitoci biyu, Härting da Hesse, suka gano cewa ciwon dajin huhu ne. Daga baya an ga irin wannan a wajen masu haƙar yuraniyom na ƙabilar Nabaho a Amurka, da ma'aikatan kamfanin Wismut na Jamus ta Gabas, da kuma masu haƙar kuza na Gejiu a lardin Yunnan na ƙasar Sin, waɗanda labarinsu ya fi kusa da namu tunda kuza suke tono ba yuraniyom ba. A 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya radon cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. A 1999 wani kwamitin masana na Amurka ya haɗa bayanan rukuni 11 na mahaƙa, kimanin mutum 68,000, inda aka samu mutuwar kusan 2,700 ta ciwon dajin huhu, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne daidai da yawan radon da mutum ya shaƙa a tsawon aikinsa.

Mataki na farko: ka bincika tarihin gidanku

A cikin waɗannan dubban mahaƙa, mutum biyu kan yi aiki a rami ɗaya na shekaru ɗaya, wani ya kamu, wani ya tsufa lafiya lau. Wani ɓangare na wannan bambanci yana cikin gado. Jiki yana da hanyoyin ɗinke zaren DNA idan ya tsinke, da hanyoyin kawar da gubar da tururi ke haifarwa a cikin ƙwayar halitta, kuma ƙarfin waɗannan hanyoyi ya bambanta daga mutum zuwa mutum gwargwadon abin da ya gada. Akwai wata ƙwayar gado mai suna GSTM1 da ke taimakawa wajen kawar da guba, wadda kusan rabin Turawa ba su da ita kwata-kwata, kuma binciken da aka yi a Amurka da yankin Galisiya na Sifaniya ya nuna cewa radon ta fi yi wa marasa ita illa. A 2018 an wallafa wani binciken da ya duba tsofaffin mahaƙan Wismut, ya kuma nuna cewa wani wuri da ake kira 15q25 a kan kuromosom na 15, wato ɗaya daga cikin ƙunshin zaren gado, yana iya yin tasiri kan yadda radon ke yi wa mutum illa. Abin lura a nan shi ne tun 2008 aka san wannan wuri da alaƙa da ciwon dajin huhu, domin a nan ne ƙwayoyin gadon da ke sarrafa yadda jiki ke karɓar nikotin suke, har suna da hannu a yawan tabar da mutum ke sha da wahalar da zai sha kafin ya daina. Ke nan gado da taba da radon sun sarƙe da juna tun daga tushe.

Duk da haka, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai yi maka gwajin jini ya gaya maka ko jikinka yana jure radon. Babu irin wannan gwajin da likitoci suka amince da shi a ko'ina. Kowace ƙwayar gado da aka gano tana ƙara haɗarin ne kaɗan, galibin binciken kuma a kan Turawa aka yi shi, alhali mutanen Afirka sun fi kowa bambancin gado a tsakaninsu. Gwajin da ke hannunka kyauta ne, wato tambayar manyan gidanku. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da yawa ya nuna cewa wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon dajin huhu, haɗarinsa ya ɗara na sauran mutane da kusan rabi, ko da an cire tasirin taba.

Tambayar tana bukatar dabara, domin a gidajenmu ba kasafai ake kiran ciwo da sunansa ba, sai dai a ce wane ya yi jinya ya rasu, ko a ce ciwon ƙirji ne, ko sanyi ne ya kama shi. Ka samu mahaifiyarka ko wata gwaggo da ta yi jinyar mamacin, ka zauna da ita a natse ka ce, “Gwaggo, rashin lafiyar da Baba ya yi, Allah ya jiƙansa, an kai shi asibiti? Me likitoci suka ce? Ya yi tari da jini? Ya rame? An ba shi maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba?” Ka tambayi shekarunsa lokacin da ya rasu, da ko yana shan taba, da irin sana'ar da ya yi. Wanda ya kamu kafin ya kai shekara 50, ko wanda bai taɓa shan taba ba, ko mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, waɗannan su ne alamun da suka fi nuna gado. Sai dai a tuna cewa 'yan gida ɗaya sukan yi tarayya a sana'a da hayaƙin murhu da taba, don haka ba kowane ciwo da ya maimaitu a gida ba ne na jini. Idan amsoshin suka nuna akwai tarihi, shawarata ita ce ka nemi aikin sama, kamar jan igiya, wanki, tsinta ko ciniki, ka bar wa wasu shiga ƙasa, idan kuma dole ce ta sa, ka fi kowa kiyaye abin da ke tafe.

Taba

Ba na jin akwai abin da mahaƙi zai yi wa huhunsa da ya kai barin taba. Wani babban bincike da ya haɗa nazarce-nazarce 13 na ƙasashen Turai, wanda aka wallafa a 2005, ya ƙiyasta cewa cikin mutum 1,000 da ba sa shan taba, kimanin 4 ne za su kamu da ciwon dajin huhu kafin shekara 75 idan babu radon a inda suke zaune, kimanin 7 kuma idan radon ta kai bekarel 400, ma'aunin da za a bayyana a gaba. Cikin mashaya taba 1,000 kuwa, adadin yana tashi ne daga 100 zuwa 160. Radon ɗin ɗaya ce, amma ta ƙara wa marasa taba mutum 3, ta ƙara wa mashaya mutum 60. Waɗannan alƙaluma na gidajen zama ne, rami kuwa yana iya ninka su sau da yawa. Shisha da wiwi da tabar gargajiya duk hayaƙi ne da ke ƙona bangon da radon ke harbi. Mai rami kuma ya hana busa sigari a ƙasa baki ɗaya, domin hayaƙin yana ba ɓurɓushin radon abin hawa, kuma wanda bai sha ba ma yana shaƙa.

Yadda ake shigar da iska

Radon tana taruwa ne gwargwadon daɗewar iska a wuri ɗaya, kuma ɓurɓushin da ke yin ɓarnar yana bukatar 'yan sa'o'i kafin ya cika, saboda haka iskar da ake sauyawa a kai a kai ba ta samun damar yin ƙarfi. A ƙananan ramuka irin waɗanda ake kira loto a Filato, hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye injin hura iska a sama, a ɗaura masa faffaɗan bututun leda ko tiyo, a zura shi har inda ake sara. Nan ne ake yawan kuskure, domin sau da yawa bututun yakan tsaya a gindin rijiyar, alhali masu aiki sun yi kwana sun bi jijiyar dutse mita goma ko ashirin a kwance. A irin wannan hali iskar tana zagayawa ne a gindin rijiya ta koma sama, ƙuryar da mutane ke ciki ba ta samu komai ba. Bakin bututun ya riƙa bin masu sara, a ƙara masa tsawo duk lokacin da rami ya ci gaba, a ɗaure shi a bango don kada a taka shi, kuma a liƙe duk inda ya huje. Mai sara ya ji iskar tana taɓa fuskarsa, idan bai ji ba to ba ta iso ba.

Hura iska ciki ya fi zuƙo ta waje, domin zuƙowa tana rage matsin iskar ramin, sai radon ta ƙara kwararowa daga tsagogin dutse. Janareta kuma a ajiye shi nesa da bakin rami da bakin injin hurawa, ta ɓangaren da iska ke kaɗa hayaƙin ta tafi da shi, domin hayaƙin janareta yana kashewa cikin mintuna, ba ya jiran shekaru. Da safe, ko bayan hutun Juma'a ko na salla, kada kowa ya sauka sai an kunna injin ya daɗe yana aiki, domin iskar da ta kwana ita ce mafi muni, haka nan bayan an fasa dutse da nakiya. Inda hali ya yi, a haƙa rijiya ta biyu a haɗe ta da ta farko ta ƙasa, iska ta shiga nan ta fita can. Tsofaffin hanyoyin da aka daina aiki a cikinsu a toshe bakinsu da bulo da laka ko leda mai kauri, saboda suna tara radon suna turo ta wajen masu aiki. Ruwan da ke tsatsowa daga dutse shi ma yana ɗauke da radon narkakkiya, wadda ke fita idan ruwan ya fantsama, don haka a janye shi ta bututu zuwa waje maimakon a bar shi yana kwarara a ƙasan rami.

Sai ƙura. A jiƙa wurin da ake sara ko hudawa da ruwa, a jiƙa tarin dutse kafin a loda shi a buhu, kuma a niƙa dutse da ruwa. Wannan yana rage abin da ɓurɓushin radon ke hawa, yana kuma rage ƙurar silika, wadda ita kanta tana ƙeƙashe huhu, tana sauƙaƙa kamuwa da tarin fuka, tana kuma cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin huhu. Mutanen Zamfara sun koyi muhimmancin niƙa da ruwa nesa da gida bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma darasin ɗaya ne a nan. Takunkumi mai lambar N95 ko FFP2 yana tare ƙura da ɓurɓushin da ke manne da ita idan ya zauna daram a fuska, amma ba ya tare iskar radon kanta, kuma gemu mai yawa yana hana shi liƙewa. Rawani ko ƙyalle ko takunkumin asibiti na shuɗin yadi ba sa tare ƙananan ƙwayoyin da ke kaiwa can cikin huhu.

Lokaci ma ma'auni ne. Haɗarin yana taruwa ne kamar bashi, sa'a bisa sa'a, don haka a riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu ƙasa da masu sama, a ci abinci a yi salla a waje, kuma kada a kwana ko a yi barcin rana a rami don gudun zafi ko tsaron dutse. Yara kada su shiga ko kaɗan, domin shekarun da ke gabansu sun ishi ciwon ya nuna.

Awo

Ba a gane ramin da ke da radon da ido, kuma rijiyoyi biyu da ke maƙwabtaka suna iya bambanta ƙwarai. Ana auna ta da bekarel, wato fashewar ƙwayar zarra ɗaya a kowace daƙiƙa, a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. A fili takan kasance tsakanin 5 zuwa 15. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ta ba da shawarar kada gidan zama ya wuce 100, ko 300 inda hakan bai yiwu ba, ta kuma ce kowane ƙarin 100 na tsawon shekaru yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 16 cikin 100. Ga wuraren aiki, hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ce kada ma'aunin da ƙasa za ta ɗauka ya haura 1,000. Na'urar da aka fi amfani da ita ɗan ƙaramin gwangwanin roba ne da ke shiga tafin hannu, da wata 'yar leda a ciki wadda tururin alfa ke bar wa tabo. Ba ta bukatar batir. Ana rataye ta daidai tsayin hancin mai aiki, nesa da bakin bututun iska da inda ruwa ke ɗiga, a rubuta ranar da aka rataye ta, a bar ta kamar wata uku, sannan a rufe ta a leda a mayar ɗakin gwaji a ƙirga tabon. Yana da kyau a auna da rani a kuma auna da damina.

Mutanen Kaduna suna kusa da masu wannan ilimi. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda aka ƙaddamar da na'urar nukiliya ta bincike a 2004, tana da masana awon tururi, haka ma sashen fiziks na jami'o'in jihar, kuma Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya tana da ɗakunan gwaji a cikin garin Kaduna. Hukumar da doka ta ɗora wa kula da kariya daga tururi ita ce NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa. Mutum ɗaya ba lallai a saurare shi ba, amma ƙungiyar mahaƙa mai rajista da ta rubuta takarda tana neman a auna mata ramuka ta fi samun amsa, kuma sau da yawa ɗaliban digiri na biyu da na uku suna neman irin waɗannan wurare don bincikensu. A nemi a ba ƙungiyar sakamakon a rubuce.

Kada a kai haɗarin gida. Yashin da ya rage bayan wankin kuza yakan ƙunshi monazayit da zirkon masu fitar da tururi, don haka kada a buga bulo da shi, kada a yi daɓe ko yaɓe da shi, kuma kada a jibge buhunan ma'adini a ɗakin kwana a rufe taga.

Idan tari ya ƙi tafiya

Tarin da ya wuce mako biyu, jini a kaki, ciwon ƙirji, shaƙewar murya da ta daɗe, sarƙewar numfashi, rama ba dalili, ko ciwon huhu da ke warkewa yana dawowa, duk suna bukatar asibiti, ba kemis ba. Da farko za a gwada kaki don neman tarin fuka da na'urar GeneXpert, gwajin da maganin kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati, ga kuma cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye kusa da Zariya. Matsalar ita ce alamun tarin fuka da na ciwon dajin huhu suna kama da juna, har a hoton ƙirji, kuma a ƙasar da tarin fuka ya yi yawa mai ciwon daji yana iya shafe watanni yana shan maganin da ba nasa ba. Idan gwajin kaki bai nuna komai ba, ko an yi wata biyu ana shan magani babu sauƙi, ka koma ka nemi a tura ka wajen likitan ƙirji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, inda za a duba yiwuwar hoton CT da ɗibar ɗan nama don gwaji.

Likita ba zai san ka yi rami ba sai ka faɗa, kuma mutane da yawa idan aka tambaye su sana'a sukan ce noma ko kasuwanci saboda shi suke yi a yanzu, ko don tsoron a ce haƙar ba ta da lasisi. Ka faɗa masa kai tsaye: “Likita, na yi shekara kaza ina shiga ramin kuza a wuri kaza, babu injin iska, na sha taba daga shekara kaza zuwa kaza, kuma yayana ya rasu da ciwon ƙirji yana da shekara kaza.” Don wannan ya sauƙaƙa, kowane mahaƙi ya ajiye ɗan littafi yana rubuta wuraren da ya yi aiki, shekarun, zurfin ramin, ko akwai iska, da sakamakon awo idan an yi. Ciwon ba ya bayyana kafin aƙalla shekara biyar da fara shaƙa, yakan kuma ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba, lokacin da ramin ya cike, mai ramin ma wataƙila ba ya nan. Ga wanda ya yi aiki a kamfani mai rajista, wannan littafi da katin aiki da takardun albashi su ne hujjarsa idan zai nemi diyya a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, kuma ta ƙunshi cututtukan da sana'a ke jawowa.